Yaƙin Teku a Tsakar Ɗaki

A shekarun yaƙin Hitila, duk jirgin ƙasan da ya ɗauko kuza daga Jos zai gangara Fatakwal, sai ya biyo ta Kafancan, ya ratsa Lafiya, kafin ya haye gadar Makurɗi wadda aka buɗe a 1932. Kayan da ke cikin taragun nan an sha wuya a kansu. Da Japanawa suka mamaye Malaya, Singafo kuma ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu 1942, Birtaniya ta rasa inda ta fi samun kuza, sai ta juyo kan tsaunukan Jos gadan-gadan. A nan aka shiga abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna: a bi lardunan Arewa gari-gari, a kwashi majiya ƙarfi, a kai su haƙar kuza ko suna so ko ba sa so, cikin sanyin da jikinsu bai saba da shi ba. Haka aka yi ta yi har 1944, kuma da yawansu ba su sake ganin gida ba. Ta ɗaya layin dogon kuwa, gyaɗar Kano da audugar ƙasar Zazzau da ta Katsina da fatu da ƙiraga ne ke gangarawa Ikko.

Daga bakin ruwa labarin kayan nan yakan ɓace wa mutanen Arewa. Wanda ya haƙa da wanda ya noma sun san dai an loda a jirgin ruwa an nufi Ingila, galibi birnin Libaful. Ba wanda ya zo ya gaya musu cewa wani kaso na guminsu a ƙarƙashin teku yake ƙarewa, tare da mutanen da ke ɗauke da shi. Kamfanin Elder Dempster na Libaful, wanda jiragensa suka fi na kowa zirga-zirga tsakanin Ikko da Ingila, ya rasa jirginsa Accra a watan Yuli 1940, ya rasa Apapa a Nuwamban shekarar, ya rasa Adda a Yuni 1941. Ranar 29 ga Oktoba 1942 aka nutsar da Abosso, mutum 362 suka halaka. A wannan makon dai, wani ayarin jirage da ya taso daga Freetown ta Saliyo, mai lamba SL 125, ya yi asarar jirage fiye da goma. Cikin ma'aikatan jiragen da ke bin wannan hanya akwai 'yan Afirka ta Yamma birjik, yawancinsu a ɗakin inji, wurin da ya fi ko'ina wuyar fita in ruwa ya shigo.

Masu yawancin wannan ɓarna jiragen yaƙin Jamus ne masu nutso, a ƙarƙashin Admiral Karl Dönitz. Lissafinsa mai sauƙi ne. Birtaniya tsibiri ce, abincinta da manta da kayan masana'antunta duk ta ruwa suke zuwa. In aka datse hanyar, yunwa za ta gama aikin da bindiga ba ta yi ba. Kafin yaƙi ƙasar tana shigo da kaya sama da tan miliyan 50 a shekara. A 1942 abin ya faɗo ƙasa da miliyan 23. A wannan shekara kaɗai, jiragen nutso sun halaka jiragen ruwa 1,160.

Maganin da Ingilishi suka sani shi ne tafiya a ayari, yadda fataken Kano ke yi in za su Gwanja sayen goro: ba mai shiga daji shi kaɗai, a taru a tafi tare, madugu ya tsara tafiya, masu makamai su kewaye dukiya. A teku, jiragen kaya talatin ko arba'in ko fiye ke jeruwa sahu-sahu, faɗin ayarin ya kai mil biyar ko shida, 'yan jiragen rakiya ƙalilan suna kewaye da su. Jamusawa suka mayar da martani da farautar taron dangi. Ɗaya zai hango ayari, ya bi shi a hankali yana aika saƙo ta rediyo, sauran su hallara, in dare ya tsala su auka. A Oktoba 1940 ayari mai lamba SC 7 ya fito da jirage 35, aka nutsar da 20.

Ranar 1 ga Janairu 1942 aka kira wani hafsan sojan ruwa mai suna Gilbert Roberts zuwa hedikwata a Landan. Shekararsa 41. Ya taɓa riƙe jirgin yaƙi, HMS Fearless, amma tarin fuka ya kwantar da shi, aka sallame shi daga aiki a 1938. Ba a ga alamar zai sake hawa teku ba. Abin da ya sa aka tuna da shi shi ne ya taɓa yin shekara biyu a makarantar dabarun yaƙi ta Portsmouth, inda ake kwaikwayon arangamar jiragen ruwa a kan daɓe. Admiral Cecil Usborne, mai ba Firayim Minista shawara kan yaƙi da jiragen nutso, ya gaya masa abin da ake so, sannan aka shigar da shi wurin Firayim Ministan, Churchill, na ɗan lokaci. Umarnin bai da tsawo: ya gano abin da ke faruwa a Tekun Atilantika, ya nemo yadda za a nutsar da jiragen nan, ya koya wa masu rakiya.

Ya isa Libaful, gidan da ake kira Derby House, inda ake tafiyar da yaƙin teku daga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Babban kwamandan wurin, Admiral Percy Noble, bai ɗauki maganar da wani nauyi ba. Mutane suna mutuwa a ruwa, ga wani marar lafiya ya zo da zancen wasa. Aka ba shi bene na can sama, aka haɗa shi da 'yan tsirarun ma'aikata, yawancinsu 'yan mata na sashen mata na sojan ruwa, waɗanda ake kira Wrens. A cikinsu akwai Jean Laidlaw, mai shekara 21, gwanar lissafi, da Janet Okell, mai shekara 19. Ba wadda ta taɓa shiga yaƙi a cikinsu. Sashen da suka kafa shi aka sani da WATU.

Kafin Roberts ya ja ko layi ɗaya, sai da ya sauka tashar jiragen ruwa yana tarar hafsoshin da suka dawo daga rakiya, tun gajiya ba ta sake su ba. Tambayarsa ɗaya ce: in dare ya yi aka harbi jirgi a ayarinka, me kake yi? Amsoshin suka tayar masa da hankali. Mafi yawansu ba su da wani tsari da ya wuce a buga ƙararrawa, kowa ya kama wurinsa, a ƙara gudu, a yi ta dube-dube. Jarumtaka ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da babu shi ne hanyar da darasin da wani ya koya jiya da jinin mutanensa zai isa kunnen wanda zai fita gobe. Kowane kyaftin da nasa sani a kansa, in ya nutse ya nutse da shi.

Sai aka shirya ɗakin. Aka shimfiɗa leda mai ruwan ƙasa, aka ja mata layuka, tsakanin layi da layi inci goma, a matsayin mil ɗaya na teku. Aka sassaƙa 'yan jirage da katako. A gefe aka kafa labulen tamfol, aka huda masa 'yan kafofi, yadda hafsan da ke tsaye a baya ba zai ga komai ba sai iyakar abin da zai iya hangowa in da a kan jirginsa yake. Hanyar jiragen rakiya da farin alli ake zana ta. Ta jiragen Jamus kuwa da koren alli, wanda ba ya fitowa a kan ledar in daga nesa aka leƙo. Minti biyu ake ba mutum ya yanke shawara, ya rubuta umarninsa a 'yar takarda, ya miƙa. 'Yan matan su karɓa, su durƙusa da ma'auni su matsar da jirage, su lissafa wa ya ga wa, wa ya ji motsin wa, tofidon wa ya sami wa. Tofido shi ne bam ɗin nan mai inji da ke gudu a cikin ruwa har ya daki cikin jirgi. Sannan su kawo wa hafsan labari gutsi-gutsi: an ga haske ta hagu, an ji fashewa a baya, jirgi kaza ya daina amsawa.

A ganina tamfol ɗin nan ya fi komai daraja a ɗakin. Kowa gwani ne in yana kallon fili duka daga sama, bayan an gama. Abin da ke kashe mutane a fagen daga shi ne yanke hukunci da rabin labari, cikin duhu, lokaci yana ƙurewa. Wannan matsi suka yi dabarar shigowa da shi cikin ɗaki, inda kuskure ba ya cin ran kowa.

Cikin duk waɗanda Roberts ya tambaya, mutum ɗaya ne ke da tsari mai suna, Kwamanda Frederic Walker. A Disamba 1941 Walker ya rako ayari HG 76 daga Jibraltar da jiragen kaya 32. An yi kwanaki ana gwabzawa. Masu rakiya sun nutsar da jiragen Jamus huɗu, su kuma suka rasa jiragen kaya biyu, da jirgin yaƙi Stanley, da Audacity mai ɗaukar jiragen sama. A wancan lokaci wannan babbar nasara ce. Tsarin Walker, wanda ya kira Buttercup, shi ne da zarar an harbi jirgi, masu rakiya su juya waje suna harba harsashin haske sama, don su kama maharin da ake zaton yana can bayan da'irarsu.

Roberts da 'yan matan suka kwaso rahotannin wannan tafiya, suka shimfiɗa ta a kan leda, suka sake yin ta daki-daki. Sai lissafi ya ƙi fita. Akwai jirgin da aka harba alhali yana can tsakiyar sahu, wasu jirage sun kare shi ta kowane gefe. In maharin yana waje da da'irar masu rakiya, tazarar ta yi wa tofido nisa, kuma da wuya ya ratsa sahu-sahu bai taɓa kowa ba sai na tsakiya. Suka juya abin ta nan, suka juya ta can. Hanya ɗaya ce ta daidaita: mai harbin yana cikin ayarin.

To ta ina ya shiga? Ta gaba akwai haɗarin karo, kuma idon kowa can yake. Ta gefe masu rakiya suke. Saura baya. Jirgin nutso na Jamus in yana saman ruwa yana gudun mil 17 na teku a awa, ayari kuwa bai cika wuce bakwai ko takwas ba, don haka cim masa ta baya ba wuya. Da dare ɗan abin da ke fitowa na jikinsa ba ya ganuwa, masu gadi kuma ba su cika waiwaye ba. Na'urar Asdic, wadda ke gano abin da ke ƙarƙashin ruwa, ba ta da amfani sosai a kan jirgin da ke sama. Sai ya sulale tsakanin sahu, ya zaɓi wanda yake so, ya harba daga kusa, ya nutse can ƙasa ya yi lamo, ayarin ya wuce ta kansa, ya ɓullo a baya ya sake shiri. Roberts ya buga waya hedikwatar jiragen nutso na Birtaniya ya tambaya ko su za su iya haka. Aka ce masa ƙwarai, kuma ta baya za su shiga.

Ashe masu rakiya suna haska inda ba kowa, maharin yana bayansu. Gaskiya ne ba WATU ce ta fara zargin haka ba. Otto Kretschmer, gwanin masu nutso na Jamus, tun 1940 yake shiga tsakiyar ayari, kuma akwai hafsoshin Ingila da suka lura. Amma zargi a bakin mutum biyu ko uku daban, tsarin da kowa ya haddace daban. A kan ledar nan aka gwada magani har ya zauna: da zarar an ji fashewa, a ba da kalma ɗaya, masu rakiya su yi aiki tare, wasu su koma bayan ayari su jeru su share ruwan da Asdic, daidai inda mai nutso zai kasance bayan jirage sun wuce ta kansa.

Noble ya hau benen da manyan hafsoshinsa don ya gani, wasunsu da murmushin raini. Aka nuna masa yadda ake shiga ayari, aka nuna masa maganin. Kafin ya sauka ya sa aka aika wa Churchill saƙo cewa an gano babban kuskure a fahimtarsu ta dabarun Jamus, ya ɗaga Roberts zuwa muƙamin kyaftin, ya tambayi sunan sabon tsarin. Jean Laidlaw ce ta raɗa masa Raspberry, don wulaƙanta Hitila. Aka shigar da shi cikin littafin umarnin rakiyar ayari.

Daga makon farko na Fabrairu 1942 har ƙarshen Yuli 1945, kwas ɗin WATU bai tsaya ba. Kwana shida ne, Litinin zuwa Asabar, wani lokaci hafsoshi har hamsin a zama ɗaya. Mutum zai sauka daga jirginsa, a yi wa jirgin gyara a tasha, shi kuma ya hau bene ya yi mako yana yaƙi da alli. A ƙarshen kowane wasa a ɗage tamfol, kowa ya zagaye ledar ya ga koren layin da ya kewaye shi bai sani ba, Roberts ya bi abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya. Ba a tsaya kan koyarwa kawai ba. Duk wanda ya zo, sai an tatsi abin da ya gani a tafiyarsa ta ƙarshe, a zuba shi cikin wasan mako mai zuwa. In Jamusawa suka sauya salo a teku, ba a daɗewa salon ya bayyana a kan leda. Kimanin hafsoshi 5,000 suka bi ta ɗakin, 'yan Birtaniya da Kanada da Amurka da Indiya da Norway da Faransa da wasunsu, har da Yarima Philip, wanda daga baya ya auri Sarauniya Elizabeth. Amfanin wannan haɗuwa a bayyane yake: jiragen ƙasashe daban-daban da ba su taɓa aiki tare ba za su haɗu a tsakiyar teku da dare, a faɗi kalma ɗaya ta rediyo, kowa ya san inda zai nufa. Aka buɗe irin wannan makaranta a Halifax ta Kanada da Bombay ta Indiya.

A Nuwamba 1942 Admiral Max Horton ya gaji Noble. Horton ba baƙon ƙarƙashin ruwa ba ne. Shi ne ya nutsar da jirgin yaƙin Jamus mai suna Hela da jirginsa na nutso a Satumba 1914, kuma shi ke shugabantar jiragen nutson Birtaniya kafin a kawo shi Libaful. Mutum ne mai zafi, ba ya karɓar magana sai ya gwada. Lokacin WATU ta fito da wani tsari, Beta Search, na kama jirgin da ke bin ayari a ɓoye yana kiran 'yan uwansa. Dabarar ita ce jirgin rakiya ya nufo shi ba hayaniya, ba harsashin haske, har ya tilasta masa nutsewa, sannan ya yi kamar bai gan shi ba. Mai nutso in ya ɗauka ya tsira, akwai hanyar da hankali zai sa ya bi don kada ayarin ya kuɓuce masa. Can za a je a jira shi da bama-bamai.

Horton ya ce shi zai riƙe jirgin Jamus. Ya shiga bayan tamfol. Aka nutsar da shi. Ya ce a sake, aka sake nutsar da shi. A ruwayar da ta fi shahara sau biyar aka yi, sau biyar yana halaka. Ransa ya ɓaci, ya ce a nuna masa hafsan da ke ɗaya ɓangaren. Sai ga Janet Okell, 'yar shekara 20, wadda ba ta taɓa riƙe ko kwalekwalen yaƙi ba. Ba sihiri ta yi ba. Ta yi watanni tana durƙushe a kan ledar nan tana kallon yadda ɗaruruwan hafsoshi ke tunani in an matsa su, har ta san abin da gwani zai yi kafin ya yi. Abin yabo ga Horton shi ne bai hukunta kowa don an kunyata shi ba. Ya amince da tsarin, ya sa aka raba wa jirage, daga baya ma ya zauna ya yi kwas ɗin da kansa.

Watan Maris 1943 ya yi muni ƙwarai. Ayari biyu, HX 229 da SC 122, sun rasa jirage sama da ashirin cikin 'yan kwanaki. Amma a Mayu al'amari ya juye. A yaƙin ayari ONS 5 an nutsar da jiragen Jamus shida. Kafin watan ya ƙare Dönitz ya rasa sama da arba'in, cikinsu har da wanda ɗansa Peter yake ciki, kuma ranar 24 ga Mayu ya janye jiragensa daga arewacin Atilantika. Zalunci ne ga tarihi a ce alli kaɗai ya yi wannan. Akwai jiragen sama masu dogon zango da suka rufe tsakiyar teku, akwai sabuwar rada, akwai na'urar gano inda saƙon rediyo ya fito, akwai masanan Bletchley Park da suka warware rubutun sirrin Jamus, ga kuma ƙarin jiragen rakiya. Masana har yau suna gardama kan yawan jiragen da Raspberry ita kanta ta kama. Abin da ba a gardama a kai shi ne, waɗannan sababbin kaya sun faɗa hannun mutanen da suka riga suka koyi aiki tare. 

A Satumba 1943 Jamusawa suka dawo da sabon makami, tofido mai bin ƙarar farfelar jirgi, wanda aka ƙera musamman don masu rakiya. A harin farko ya nutsar da St. Croix na Kanada da Polyanthus, sannan Itchen da ya kwaso waɗanda suka tsira shi ma ya tarwatse. Mutum uku kacal suka rayu daga jiragen uku. WATU ta riga ta fara tunanin irin wannan makami daga bayanan fursunoni da na leƙen asiri. Cikin 'yan kwanaki aka aika wa jirage tsarin da aka kira Step Aside: kada ka nufi mai nutso kai tsaye, ka kauce gefe ka bar tofidon ya wuce inda ba zai ji ka ba, sannan ka juyo masa.

Yau kayan aikin sun yi nisa. Akwatin koyon tuƙin jirgin sama da Edwin Link ya ƙera a Amurka a 1929, wanda matuƙa kusan rabin miliyan suka koyi aiki a cikinsa lokacin wancan yaƙi, ya haifi na'urorin da mutum ke shiga ya tashi, inji ya mutu masa, ya faɗi, ya fito lafiya ya sake gwadawa. Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sun san su. Bayan yaƙin Tekun Fasha, Amurkawa sun ɗauki wata arangamar tankoki ta ranar 26 ga Fabrairu 1991, suka bi sawun kowace tanka da kowane harbi, suka sake gina ta a kwamfuta don na baya su shiga su koya. A nan gida, Jaji na da kwalejin horar da manyan hafsoshi tun 1976, ga kuma cibiyar kwaikwayon yaƙi ta rundunonin soja a can, kuma duk hafsan da ya yi atisaye ya san taswirar yashi da ake ginawa a ƙasa kafin a fita rawar daji. A Doma, nan kusa da Lafiya, akwai hedikwatar dakaru na musamman da sojan ƙasa suka kafa a 2020.

Abin da ya sa labarin Libaful ya tsaya mini a rai yana nan kusa da Doma. Ranar 24 ga Janairu 2023 aka saki bam daga sama a yankin Rukubi, kan makiyayan da suka karɓo shanunsu daga Makurɗi suna saukewa daga mota. Mutum kusan arba'in suka mutu, daga baya rundunar sojan sama ta amsa cewa ita ta kai harin. Kafin nan akwai Rann a Borno, ranar 17 ga Janairu 2017, inda bam ya faɗa sansanin 'yan gudun hijira ya kashe sama da mutum ɗari. Bayan nan akwai Tudun Biri a Kaduna, daren 3 ga Disamba 2023, inda jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka aƙalla mutum 85 a wurin Maulidi. A kowane ɗaya akwai wanda ya yanke hukunci da rabin labari, yana leƙe ta wata 'yar kafa, wato allon da ke nuna masa mutane ɗigo-ɗigo daga sama.

Irin waɗannan ranaku ne ya kamata a shimfiɗa a tsakar ɗaki, ko a leda ko a kwamfuta, a bi su minti-minti: me aka gani, wa ya kawo labari, a ina lissafi ya karkace. A sa matuƙa da masu ba su umarni su shiga su sake yanke hukuncin sau goma, sau ashirin, da gaggawar da duhun duka, har idonsu ya saba da tambayar da ba a yi ba a ranar. A ɗaya gefen labulen kuma a tsayar da wanda ya san yadda taron Maulidi yake a ƙauye da dare, ya san yadda ake sauke shanu daga tirela, ya san bambancin ruga da sansanin 'yan bindiga, ko da kofur ne, ko da ba soja ba ne, a kuma ba shi damar ya kayar da janar ba tare da ya ji tsoron gobe ba. Sojan da ya dawo daga Sambisa ko dazukan Zamfara ko gaɓar Tafkin Chadi yana ɗauke da sanin da ba kamfanin da zai sayar mana. A tare shi tun kafin a sake tura shi, a tatsa, a zuba cikin atisayen wata mai zuwa, a kuma miƙa wa maƙwabtan da ke fama da abokin gaba ɗaya da mu a Diffa da Maraɗi da arewacin Kamaru.

Bayan Jamus ta miƙa wuya a Mayu 1945, aka tura Roberts, wanda ya iya Jamusanci, zuwa Flensburg ya yi wa hafsoshin Dönitz tambayoyi, har da Admiral Eberhard Godt mai tsara hare-haren jiragen nutso. Ya je ne ya auna abin da aka lissafa a kan leda da abin da masu nutson suka yi a zahiri. Ya ba da labarin cewa a ɗakin aikinsu ya tarar da hotonsa a bango, an rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne abokin gaba. Cikin Jamusawa kimanin 40,000 da suka yi aiki a jiragen nutso, wajen 30,000 ba su koma gida ba. Ma'aikatan jiragen kasuwancin Birtaniya da suka mutu su ma sun haura 30,000.

A ƙarshen Yuli 1945 aka rufe WATU. 'Yan mata 66 ne suka yi aiki a cikinta daga farko zuwa ƙarshe, suka watse kowa ta kama gabanta, Jean Laidlaw ta koma aikin akanta. Roberts ya rasu a 1986. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Derby House yanzu gidan tarihi ne da ake shiga kallo. Sunayen matan ba su bazu a duniya ba sai a 2019, da Simon Parkin ya fitar da littafi a kansu, lokacin Laidlaw da Okell duk sun riga mu gidan gaskiya.